Daren Alhamis a Jidda: Iyalin Bahaushe a Teburin Indiyawa

Jidda ba ta cin abincin dare da wuri. Sai an sallame Isha'i, zafi ya ɗan sassauta, iska mai danshi ta fara tasowa daga Bahar Maliya, sannan motoci ke cika titin Tahliya da doguwar hanyar bakin teku da ake kira Kurnish. Tun shekarar 2013 da Saudiyya ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, daren Alhamis ya zama daren fita. Ƙarfe goma na dare za ka ga magidanci ya tsaya a ƙofar gidan abinci yana jiran a kira sunansa, matarsa na tura keken jariri, tsohuwa ta dafa kafaɗar jikanta, ga yara suna leƙen kwanukan da ake wucewa da su. Wanda bai kira waya ya kama tebur tun da rana ba, sai ya yi haƙurin jira.

Cikin masu jiran nan akwai Hausawa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai jikokin waɗanda suka taka da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye teku daga Sawakin, zuriyarsu ta zama 'yar ƙasa tana amsa sunan Hausawi ko Fallata. Akwai ma'aikata masu takardar zama: likitoci, malaman Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ma'aikatan Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, waɗanda duk hedikwatarsu na Jidda. Sai kuma 'yan Umara da suka gama ibada, suka biyo jirgin ƙasan Haramaini daga Makka ko Madina don su kwana biyu wajen 'yan uwa kafin jirginsu ya tashi. A da, idan baƙo ya zo daga gida, Albaik ake kai shi ya ci kazar da tun 1974 Jidda ke tunƙaho da ita, ko a sayo shinkafar bukhari a shimfiɗa leda a ƙasa a zagaye ta. Har gobe ana yin haka. Amma wanda Allah ya hore wa, in yana son ya karrama mahaifiyarsa ko surukansa, yanzu sau da yawa gidan abincin Indiyawa na zamani yake nufa da su.

Bahaushe ya daɗe da sanin Indiya. Tun wajen shekarun 1960 gidajen sinima na Kano irin su Palace da Plaza da Marhaba suka riƙa cika saboda finafinan Bombay. Akwai tsofaffin da har yau za su ba ka labarin Mother India, fim ɗin 1957, daga farko har ƙarshe, ga matasa kuma sun tashi da fassarar Algaita a wayoyinsu. Mun san rawarsu, mun san kukansu, mun san yadda amarya ke barin gidan ubanta. Tukunyarsu ce ba mu sani ba. A fim ana ganin uwa tana mirgina gurasa tana zuba wa ɗanta miya, amma ƙamshi ba ya fitowa daga majigi. Da yawa daga cikinmu a Jidda suka fara sa wannan abinci a baki, kuma akwai dalilin da ya sa abin ya fi sauƙi a can: ba giya a kan tebur, nama kuwa yankan Musulmi ne, don haka tambayoyin da ke hana mutum sakin jiki a Landan ko Mumbai ba su taso ba.

Ita kanta Jidda ba baƙuwar Indiya ba ce. Tun da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a wajajen shekarar 647, jirage ke bin iskar damina daga gaɓar Gujarat da Malabar suna sauke masoro da citta da kirfa da yadi a nan, kafin a wuce da su Masar har Turai. Saboda wannan arziki ne Turawan Fotugal suka kawo mata hari a 1517, aka kore su. Ganuwar da aka gina don tsoronsu ta tsaya har 1947. Wanda ya shiga kasuwar Alawi a tsohon gari, wato Balad da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, hancinsa zai gaya masa cewa cinikin nan bai mutu ba. Mafi yawan shinkafar da ake dafa kabsa da bukhari da ita basmati ce daga Indiya. Sambusar da ba a buɗe-baki a Hijaz sai da ita 'yar uwar samosa ce. Indiyawan da ke zaune a Saudiyya sun haura miliyan biyu da rabi, kaso mai yawa daga jihar Kerala, kuma a unguwar Sharafiyya akwai ƙananan shagunansu birjik inda lebura zai ci gurasa mai falle-falle da soyayyen naman sa ya sha shayi da 'yan riyal kaɗan.

Shekaru da dama a nan abincin Indiya ya tsaya a idon mutane: abincin ma'aikata, mai arha, mai ƙosarwa. Yadda ya tashi daga Sharafiyya ya hau manyan otal-otal da benayen Tahliya labari ne da ya faro daga nesa. A 2001 wasu masu girki biyu 'yan Indiya a Landan, Vineet Bhatia da Atul Kochhar, suka samu tauraron Michelin, alamar da masu sana'ar girki ke ɗauka a matsayin babbar shaida. A 2009 Manish Mehrotra ya fara girki a Indian Accent da ke Delhi, a 2010 Gaggan Anand ya buɗe nasa a Bangkok bayan ya koyi dabarun zamani a ɗakin girkin Ferran Adrià na Sifen. Waɗannan mutane ba sabon abinci suka ƙirƙiro ba. Abincin iyayensu mata da na masu tallan bakin titi suka ɗauko, suka auna komai, suka rage maiƙo, suka rarrabe yajin da a da ake jibgawa gaba ɗaya, suka zuba shi a faranti yadda ido zai fara ci kafin baki. A 2025 Trèsind Studio na Dubai, inda Himanshu Saini ke jagorantar girki, ya zama gidan abincin Indiya na farko da ya samu taurari uku. Daga Dubai zuwa Jidda tafiyar awa uku ce a jirgi, kuma abin da ya karɓu a can ba ya daɗewa bai iso nan ba.

Sai dai da Jidda ba ta sauya ba, da salon bai samu wurin zama ba. Wanda ya san garin shekara goma da suka wuce zai tuna cewa kowane gidan abinci ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta iyalai, ɗaya ta maza zalla. A ɓangaren iyalai ma labule ko katako ake jawowa a kewaye kowane tebur. A watan Disamba na 2019 hukuma ta janye dokar tilasta ƙofa biyu. Kafin nan, a watan Yuni na 2018, mata sun fara tuƙi, don haka uwa da 'ya'yanta ba sai sun jira direba ko maigida ba. Daga 2021 shaguna suka samu damar ci gaba da aiki lokacin salla. Yau babban zaure ɗaya ne, da ɗakin girki a buɗe bayan gilashi ana kallon mai tanderu yana manna gurasa, da ƙaramin masallaci a gefe. Gidaje da yawa sun bar ɗakuna na keɓe ga masu so, kuma na lura iyalan Hausawa da ke tare da tsofaffi ko mata masu niƙabi su suka fi tambaya. Yana da kyau da aka bar wa mutane zaɓi, domin tsohuwar da ba ta saba ci a gaban baƙin maza ba ba za ta ji daɗin lomar ba komai tsadarta.

Na zauna irin wannan tebur tare da wani abokina ɗan Kano da ya daɗe yana aiki a Jidda, ranar da ya fitar da mahaifiyarsa bayan ta gama Umara. Da matarsa da yaransa, har da ƙanwar matar. Abin da aka fara kawowa wasu 'yan ƙwallaye ne na soyayyen ƙulli masu rami a ciki, an jera su a kan ƙananan kofuna na ruwan tsamiya da na'ana'a. Sunansa pani puri, kuma a Mumbai a tsaye ake cinsa a bakin titi. Babbar jikar ce ta nuna yadda ake yi.

“Hajiya, zuba ruwan za ki yi a ciki, ki sa duka a baki lokaci ɗaya. In kika gutsura zai zube miki a mayafi.”

“Ke dai kawo in gani, sarkin iyayi,” in ji Hajiya. Ta sa, ta yi shiru, sannan ta dubi surukarta ta ce, “Ai wannan tsamiya ce.”

Daga nan ta saki jiki, ta shiga gane tsofaffin sani ɗaya bayan ɗaya. Man da aka shafa wa gurasa man shanu ne. Abin sha mai kauri da suke kira lassi kindirmo ne aka buga da mangwaro. Fararen yanka da ke cikin miyar alayyahu cuku ne na madarar shanu. Ga kuɓewa an yanka ta siri-siri an soya har tana ƙaras-ƙaras, ba yauƙi ko kaɗan, ga kanumfari da citta da hulba da kurkur. Wannan kama ba haɗuwar banza ba ce. Yammacin Indiya da ƙasar Hausa duk ƙasashen rani da damina ne, na makiyaya da manoman tudu. Geron da muke tuwo da fura da shi, a Rajasthan gurasa ake yi da shi, dawa kuma ita ce cimar ƙauyukan Maharashtra. Yakuwa na shiga miyar mutanen Andhra, 'ya'yan zogale na shiga ta Tamilawa. A kudancin ƙasar ana jiƙa shinkafa a niƙa a bar ta ta kwana ta yi tsami, a soya a kasko mai gurabu ko a shimfiɗa ta da faɗi, wanda duk ya ci waina da sinasir ba sai an yi masa bayani ba. Indiya ce ma ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Manyan kwanuka biyu ne kusan ba tebur da ke tsallake su. Na farko kaza ce da ake gasawa a tanderu sannan a tsoma ta cikin miyar tumatir da man shanu da kirim. Wasu 'yan gudun hijira daga Peshawar ne suka fito da ita a gidan abincin Moti Mahal na Delhi bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, kuma darajarta ta kai har zuriyar mutum biyu daga cikinsu, Kundan Lal Gujral da Kundan Lal Jaggi, suka gurfana gaban Babbar Kotun Delhi a farkon 2024 kan wa ya fara dafa ta. Yara na son ta domin ba ta da zafin barkono. Na biyu biryani ce irin ta Hyderabad, wadda ake jera nama da shinkafa hawa-hawa a tukunya, a liƙe bakin murfin da ƙullin fulawa don kada tururi ya fita, a bar ta a kan wuta kaɗan-kaɗan. A gaban masu ci ake fasa liƙin. Wannan kam ba wasan kwaikwayo ba ne, domin ƙamshin da ke tashi a lokacin shi ne rabin abincin, kuma in shinkafar ta fito ƙwaya-ƙwaya ba ta caɓe ba, naman ya saki ƙashi, to mai girkin ya san aikinsa.

Akwai kuma abin da, a ganina, ado ne kawai. Wasu gidajen suna kawo loma ɗaya cikin akwati mai fitar da farin hayaƙi, ko su mayar da miya kumfa, ko su liƙa wa nama ganyen zinare. Yara za su ɗaga waya su ɗauka, amma hayaƙin ba ya ƙara wa abinci komai sai kuɗi. Mai hankali ya auna gidan da abubuwa masu sauƙi: miyar baƙin wake da suke kira dal makhani, wadda sai ta yi awanni a kan wuta take yin kauri da kanta, da gurasar da ya kamata ta iso da zafinta tana da ɗigon ƙuna. In waɗannan sun yi, sauran ma za su yi. Kuma iyali su sani cewa tsarin nan na jerin ƙananan faranti goma ko fiye, kowa da nasa, wanda ake ɗaukar awa biyu ana kawowa, bai dace da tebur mai tsofaffi da ƙananan yara ba. Abincin Indiya na tarayya ne tun asali. A sa kwanuka a tsakiya kowa ya miƙa hannu, kuma ba wanda zai kalli mutum don ya yagi gurasa ya ɗebi miya da yatsunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a teburin nan ba ya cikin faranti. A gidajenmu da yawa maigida shi kaɗai yake ci ko da baƙinsa a zaure, yara maza da kwanonsu, mata da nasu, uwargida kuwa sai ta sallami kowa sannan ta zauna, wani lokaci abincin ya riga ya huce. Wannan tsari yana da ladabinsa, ba kuma na raina shi. Amma akwai wani abu da ba ya bayarwa. A daren nan na ga matar abokina, wadda tun zuwan surukarta take tsaye a kan girki safe da yamma, ta zauna an zuba mata. Na ga uba ya gano cewa ƙaramin ɗansa ba ya son albasa, abin da kowa a gidan ya sani ban da shi. Hajiya kuma, wadda a Kano kunya ba za ta bar ta ta ci abinci a gaban ɗanta na fari ba, ta ci, har ta ce a ƙaro gurasa. Baƙunta ce ta kawo wannan sauƙi. Da yake ba gidan kowa ba ne, ba kuma abincin kowa ba, kowa ɗan koyo ne, sai hira ta samu ƙofa.

Kuɗin fa ba kaɗan ba ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. A kan farashin da gidan ya yanka akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari, wanda aka fara da kashi 5 a 2018 aka ninka shi uku a watan Yuli na 2020. Iyali mai mutum shida ko bakwai na iya tashi da takardar da ta haura riyal dubu a manyan gidajen, alhali riyal 3.75 ne dala ɗaya. Wanda ya juya wannan zuwa naira zai ga albashin wani na watanni. Shi ya sa fitar ta dace da sanadi, kamar zuwan iyaye ko saukar karatu ko kammala makaranta, ba don a gwada wa dangi a Instagram ba. Sannan akwai halinmu na yin oda fiye da ciki don kada a ce an yi rowa. Wani binciken hukumar hatsi ta Saudiyya da aka fitar a 2019 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin ƙasar asara yake tafiya, abin da ya kai kimanin riyal biliyan 40 a shekara. Ba abin kunya ba ne a ce wa ma'aikaci ya ƙulle ragowar. A Jidda kalma ɗaya ake faɗa, “safari”, sai a kawo ta a leda.

Shi ma ma'aikacin a dube shi. Wanda ke tsaye a gaban tanderu yana cusa hannu cikin wuta, da wanda ke zuba ruwa, yawanci daga Indiya ko Nepal ko Bangladesh suka zo, iyalansu na can, sai bayan shekara ɗaya ko biyu suke ganin su. Dare bayan dare suna hidimar iyalan wasu. Bahaushen Jidda ya fi kowa sanin wannan rayuwa, domin a cikin danginsa akwai direba, akwai mai aikin gida, akwai wanda takardarsa ta ƙare yana ɓuya. Kiran mutum da “sadik”, wato aboki, cikin sakin fuska, da barin ɗan ihsani a kan tebur, ba sa rage wa kowa komai.

Daga Tahliya in ka gangara kudu za ka iso inda unguwannin Karantina da Sabil da Gulail da Bitrumin suke a da. Nan ne Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka yi shekara da shekaru, nan ake samun waina da ƙosai da fura da tuwo kamar a Fagge. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni sama da 60 a Jidda da sunan sabunta gari, waɗannan na ciki, mutanensu suka watsu. Amma abincinsu ya riga ya shiga jinin Hijaz. Tsiren da kakanninmu suka kawo, mutanen Makka da Jidda suna kiransa sireh, kuma Larabawa na bin layi su saya da yajin ƙulinsa. Duk da haka, mafi yawan girkinmu a garin yana nan a cikin gidaje da ƙananan shaguna, matsayin da abincin Indiya yake kafin 'ya'yansa su ɗaga shi.

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba a wani wuri. A watan Fabrairu na 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu tauraron Michelin a gidan abincinta Chishuru da ke Landan, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu haka a Birtaniya, kuma sinasir da yaji na cikin abin da ta ciyar da Turawa. A Jidda masu saye sun fi na Landan kusa: dubban alhazai da 'yan Umara daga Najeriya da Nijar da Ghana da ke ratsa garin kowace shekara, da Larabawan da suka riga suka san ɗanɗanon sireh tun suna yara. Matan da suka iya miyar taushe da dambun nama da alkaki suna nan a sababbin unguwannin da suka koma. Baƙo yana buƙatar rajistar zuba jari kafin ya buɗe irin wannan gida da sunansa, amma Hausawan da ke riƙe da katin ɗan ƙasa, waɗanda cikinsu akwai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin 'yan ƙwallo, wannan shinge bai shafe su ba.